Bugun Zuciyar Aro

Shafi na 23

Ke mai turo min hoton agogo kowace safiya wai don ki tuna min lokaci, na gani, sannu da ƙoƙari. Zafin garin nan ne ya kwantar da ni, ba jan aji ba ne. Ku kuma masu cewa Chizuru ta cika zafin rai, ku dakata ku ga irin uban da aka haɗa ta da shi tukuna.

* * *

Tun da aka watse daga motsa jikin safe Chizuru ba ta ɗaga kai daga allon kwamfuta ba.

Ita ce mai kula da lafiyar ma'aikata a wurin ginin makarantar 'yan matan nan, kuma ita ta tsaya kai da fata sai da kamfani ya sayo agogunan zafi aka ɗaura wa kowa. Ɗan abu ne kamar agogon yara. Yana haska koriyar fitila a fatar hannu, ya karanta bugun zuciya, ya turo ofis. In zafin garin nan na Kumagaya, a ƙasar Japan, ya fara cin mutum sai agogon ya kama ƙara, a sauko da shi tun bai faɗo da kansa ba.

Na kowa ya yi aiki, ban da na Kuwahara Tetsuji, maigidan masu kafa ƙarafan hawa a jikin gini. Makon jiya kaf layinsa a allo fari fat, kamar ba mai rai a wurin. Sai ga shi tun Litinin ya dawo kore shar, yana tafiya lafiya lau.

Abin da ya hana ta murna ke nan, don ta san mutumin. Mahaifinta ne. A duk wurin aikin mutum ɗaya ne kawai ya san haka, saboda sunan gidan mahaifiyarta take amsawa, Morishita, tun ranar da suka tattara suka bar masa gida tana 'yar firamare. Kuma a iya saninta, Tetsuji bai taɓa bin umarni cikin sauƙi haka ba.

Oga Ebihara, shugaban aikin, ya leƙo ta kafaɗarta riƙe da shayinsa mai sanyi.

"Kin gani ko, Morishita? Tsoho ya shiga taitayinsa. Tsawa ɗaya na daka masa."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Irinsu sai da tsawa. Wai su gadon hawa suka yi, na'ura ba za ta koya musu rana ba. To yanzu wa ya ɗaura?"

Ta bari ya fita yana fito. Sannan ta janyo layin mahaifinta ta ɗora a kan na Gonda, tsohon abokinsa mai karɓar ƙarafa a ƙasa.

Layukan suka hau juna suka zama ɗaya. In wannan ya tashi, wancan ya tashi. In ya sauka, su sauka tare.

Ta ja wani dogon tsaki, ta figi hular kwanonta ta fice.

* * *

Hutun hantsi ake yi. Ma'aikata sun baje a rumfa, rigunansu masu fanka sun kumbura suna huci, kowa da gorar ruwa a hannu. Gonda yana tsakiya ya miƙe ƙafa, kumatunsa cike da alewar gishiri.

"Malam Gonda, zo mana."

"Ni? Ranki ya daɗe, yau ban yi komai ba. Hulata a kaina, igiyata a ƙuguna, har ruwa na sha ba don ina so ba."

Aka kwashe da dariya. Ita ko murmushi ba ta yi ba. Ta wuce gaba, ya biyo ta yana jan ƙafa har bayan kwantenar kayan aiki, inda ba mai ganinsu.

"Kawu, miƙo hannunka."

"A'a! Yau kuma Kawu na koma? Tun farkon aikin nan Malam Gonda nake, ni da na goya ki a wuya kina ja min gashi."

"Hannunka."

Ya miƙo na hagu. Agogonsa na nan daram.

"Ɗayan."

"Wannan ciwo yake yi."

Ba ta tsaya jin sauran ba. Ta cafko hannun, ta ja doguwar safar da suke sakawa don rana. Ga agogo na biyu nan ya nutse cikin tsoka, da sunan Kuwahara manne a jikinsa.

"Chizu, tsaya ki ji..."

"Jiya da ka ruga banɗaki zuciyarku ta tashi tare. Na ce lallai abota ta kai abota, ɗaya na gudawa ɗaya na haki."

"Taliyar sanyi ce ta ɓata min ciki."

"Kawu, ba wasa nake ba!" Ta ɓalle agogon da ƙarfi har sai da ya ce wash. "Kana ƙasa cikin inuwa kana tsotsar alewa. Shi yana can sama inda ƙarfe ke ƙona tafin hannu. Ni kuma ina ofis kamar sakarya ina kallon zuciyarka, ina cewa tsoho lafiya lau. Ka san abin da ka yi kuwa?"

"Sake shi. Ni na ba shi."

Ta juya. Tetsuji ne tsaye a ƙarshen kwantenar, gajere, busasshe, da wandonsa mai faɗin ƙafa irin na masu hawa da tawul rataye a wuya. A wannan zafin ma hannayensa a rufe suke ruf, daga kafaɗa har cikin safar hannu.

"Malama Morishita, in magana ce, da ni za ki yi."

"Babu kowa a nan, Baba. Ajiye Malamar nan."

Ya zuba mata ido. Wannan shirun nasa ne ya fi komai ƙona mata rai tun tana ƙarama, mutum ya tsaya yana kallonka kamar kai ne ka zo da rigima.

"Me na yi maka?" Ta ɗaga masa agogon. "Don ni na kawo shi, ko? Da wani ƙato ne ya zo da shi daga hedikwata da tuni ka ɗaura. Mako guda kana cirewa kana jefawa a jakar abinci. Aka kira ni taro, aka ce abin da na kawo kayan wasa ne. Na tsaya ina ba da haƙuri kamar ni na ƙera shi!"

"Ban taɓa cire shi ba."

"Baba, kar ka ma fara."

"Na ce ban cire ba."

Gonda ya haɗiye alewarsa. "Gaskiya ya faɗa, Chizu. A makon da kike faɗa har wanka da shi yake yi. Tetsu, nuna mata."

"Rufe bakinka."

"Ba zan rufe ba. Na gaji da yawo da zuciya biyu. Ko ka nuna mata, ko ni in faɗa."

Tetsuji ya harare shi ya daɗe. Sannan ya yi masa nuni da haɓa. "Je ka tsaya a kwana. Ka ga mutum ka yi tari."

Da Gonda ya matsa, sai ya zare safar hannunsa da haƙori, ya naɗe baƙar rigar ciki zuwa gwiwar hannu. Ya yi haka a ɗaya hannun ma.

Chizuru ta tsaya cak.

Ta san yana da jarfa, wannan ba sabon labari ba ne. Ita ce fa aka taɓa tarewa tare da shi a ƙofar wurin iyo, mai gadi ya nuna musu allon da ya hana masu zane a jiki shiga, don a ƙasar kallon 'yan daba ake yi musu, tana rungume da robar iyonta mai kan agwagwa, ta yi kuka har gida. Amma waccan jarfar a dantse ta tsaya. Wannan kuwa ta sauko. Baƙar igiyar ruwa ce mai kauri ta nannaɗe hannun gaba ɗaya, da jan kifi yana kutsawa ciki, har zuwa wuyan hannu, inda ta yanke tsaf kamar bakin riga. Ko tazarar yatsa ba a bari ba.

A kan baƙin kuma ga wani jan shati ya zagaye wuyan hannun, fatar ta saɓule. Wurin da ya riƙa ɗaure agogon ne, yana ƙara matsewa.

"Na zaci sako-sako ne," ya ce. "Na matse. Na aske gashin wurin. Na goge da sabulu. Na mai da shi dama. Abin naki ya ƙi ganina."

Ta kasa ɗauke ido daga hannun. "Da can a dantse ta tsaya."

"Da can."

"Ka yi wa Mama alkawari ba za ta sauko ba. Ina jin ku. Ka ce za ka bar inda za ka iya naɗe riga ka zo ranar wasannin makarantarmu kamar kowane uba."

"Na yi."

"To?"

"To kuka tafi." Ya ɗaga kafaɗa. "Wa zan naɗe wa riga?"

Tausayinsa ya kama ta, haushinsa kuma bai ragu ba ko kaɗan, su biyun suka haɗu suka tsaya mata a ƙirji.

"Kawo hannun."

Ta ɗaura masa agogon da kanta. Koriyar fitila ta haska. Ta duba wayarta, rubutu ya fito wai a ɗaura agogon a hannu. Ta juya shi ta cikin hannu. Haka. Ta matsa sama, ta dawo ƙasa, ta koma ɗaya hannun, ta danna har yatsunta suka yi fari.

Babu. Wai a ɗaura agogon a hannu.

"A hannu yake, shegen abu!" Kamar ta buga wayar da ƙasa.

Yanzu ta tuna. Hasken nan shiga fata yake ya dawo da labarin jini, baƙar tawada kuwa shanye shi take, ba ta maido komai. Masu sayar da agogon sun faɗa ranar da suka zo gwaji, ta ji da kunnenta. Oga Ebihara ya yi dariya ya ce wannan ba matsalarsu ba ce, su ba sa ɗaukar masu jarfa. Ita ma ta gyaɗa kai aka wuce, don a ranta hannun mahaifinta fes yake daga gwiwa zuwa ƙasa.

"Ƙafa fa? A ɗaura a ƙafa."

"Har idon sawu," in ji Gonda daga kwana, bai ko juyo ba.

"Akwai na ƙirji."

"Ke dai bari. Mutumin nan fuska da tafin hannu kawai ya rage wa mahaifiyarsa."

"Gonda, tari na ce ka yi, ba surutu ba."

Chizuru ta dafe goshi. "Akwai wanda ake maƙalawa a kunne. Zan nema daga hedikwata."

"Za su tambaye ki dalili."

"Sai in faɗa."

"Sai ki faɗa." Ya gyaɗa kai a hankali. "Kin fi ni sanin abin da makarantar nan ta sa a yarjejeniya. Aka ga zane a jikin mutum ɗaya, duk ƙungiyarsa waje. Kuma kamfaninku in ya kore ka a nan, ya kore ka ko'ina. Yaran can da ke rumfa a ƙarƙashina suke ci. Biyu matansu na da ciki."

"To sai me? In zuba ido rana ta gasa ka?"

"Ni ba ɗan daba ba ne, Chizu. Kakanki da ita ya mutu. Masu hawa da ita aka san mu tun kafin a haifi kakan Ebihara. In mutum ya faɗo fuska ta lalace, da ita ake gane ko wane ne."

"Kar ka ƙara faɗa min wannan maganar!"

"Gaskiya ce."

"Ban tambaye ka ba!"

Ya fara kiciniyar sauke rigar. Gumi ya sa ta manne, ta naɗe a gwiwar hannu ta ƙi saukowa. "Tun ba a haife ki ba nake hawa. Ba agogo, ba fanka a riga. Ga ni nan."

"Ga ka nan, amma shekaranjiya da jiri ya ɗebe ka a hawa na sama wa ya riƙe ka?" Gonda ne ya faɗa, da alama bakinsa ya riga tunaninsa.

Chizuru ta juyo da sauri.

"Jiri?" Ta dubi wannan, ta dubi wancan. "Wane jiri?"

"Ƙafata ce ta zame."

"Ƙafarka ce ta sa ka amai a bokitin ƙusa? Ƙafarka ce ta sa likita ya ƙara maka ƙwayar hawan jini?"

"Gonda, ka ci amanata."

"Gara in ci amanarka da in ɗauki gawarka. Ni ma na tsufa, bayana ba zai iya ba."

Chizuru ta buɗe baki, amma oba-obar sadarwa da ke kafaɗarta ta riga ta. Muryar Oga Ebihara ce, a fusace.

"Morishita, kina ina? Na tsohon nan ya sake ɗaukewa! Ya cire ke nan. Ga ni nan zuwa, yau da hannuna zan naɗe masa riga in ɗaura, in ga ƙarshen taurin kai."

Gonda ya fara tari. Tari na gaske, har da buga ƙirji.

Takun takalmi ya taso a kan faranten ƙarfen da aka shimfiɗa a hanya, yana matsowa. Tetsuji na ta fama da rigar, hannu ɗaya ya rufu, ɗayan ga jan kifi nan a fili. Agogon yana hannun Chizuru. Gonda ya yi nisa, ba damar jefa masa.

Ba ta yi shawara da kowa ba, har da kanta. Nata agogon na hannun hagu, sai ta zura wannan a hannunta na dama, ta ɓalla, ta ja hannun riga ta rufe.

"Oga! Ranka ya daɗe!" Gonda ya tare kwanar da tumbinsa. "Ga alewa. Sha ɗaya, yau rana ba ta da mutunci."

"Matsa min, Gonda."

"Mai lemon tsami ce fa."

"Na ce... au." Takun ya tsaya. "Ya dawo."

Ya zagayo yana kallon allon da ke hannunsa. Tetsuji na tsaye, hannaye a rufe, yana gyara safa kamar ba abin da ya faru.

"Na duba, ranka ya daɗe," in ji Chizuru. Ita kanta ta yi mamakin yadda muryarta ta fito sumul. "Gumi ne ya shiga ƙarƙashinsa."

Ebihara ya ɗaga gira. "Kuwahara, zuciyarka na gudu kamar an biyo ka. Ka sha ruwa."

"Na gode, ranka ya daɗe."

"Morishita, mutanen makaranta sun iso. Ki zo yanzu." Ya juya ya tafi.

Mahaifinta ya kalli hannunta na dama, ya daɗe yana kallo. Ita kuma ji take kamar ta shaƙe shi, ta shaƙe Gonda, ta dawo ta shaƙe kanta. Ita da ta fito kama masu laifi, ga ta ta zama ta ukunsu.

"Saurara, Baba. Yau ba za ka hau ba. Ka zauna a ƙasa ka yi ta nuni da baki. Zuwa yamma zan san abin yi."

"Yau ake sauke hawan ƙarshe."

"A sauke ba da kai ba."

"Maigida ne ke cire ƙarfen ƙarshe. Ba na tura yara inda ni ban taka ba."

"Baba, don Allah. Ban taɓa roƙonka komai ba."

"Morishita!" Oba-oba ta sake kira.

"Na ji," in ji Tetsuji.

Ta san wannan na jin nasa. Da shi ya amsa wa mahaifiyarta shekara da shekaru. Ta nuna Gonda da yatsa. "Kawu, in ya taka ƙarfe ɗaya ka kira ni."

"Ni zan hana shi? Ke ma da kike jininsa ya kuka ƙare?"

* * *

Taron kuwa ya ƙi ƙarewa.

Shugabar makarantar dattijuwa ce mai magana a hankali, tana yi tana fifita da ɗan maficinta. An yi maganar launin tayil. An dawo an yi maganar launin tayil ɗin dai. An yi maganar wani ma'aikaci da aka gani yana shan taba kusa da katanga. Sannan ta yaba wa kamfani, wai iyayen yara hankalinsu a kwance yake tunda sun san mutanen kirki ne kawai ke shigowa harabar.

Chizuru na zaune tana zuba shayi tana sunkuyar da kai. Agogon aro ya matse mata hannu, ƙaiƙayi yake mata, ba halin sosawa. Duk bayan ɗan lokaci sai ta saci kallon wayarta. Gonda bai kira ba, kuma ta rasa ko wannan abin kwanciyar hankali ne ko akasinsa.

Rana ta take tsaka lokacin da Oga Ebihara ya ce a fito baƙi su ga gini. Suna buɗe ƙofa zafi ya mare su. Shugabar ta buɗe lema.

"A wannan ranar suke aiki? Ba haɗari?"

Abin da Ebihara ke jira ke nan. Ya ɗaga allonsa kamar shi ya ƙirƙiro shi. "Ranki ya daɗe, a nan ba ma wasa da rai. Duba, kowa kore. Kin ga wannan layin? Tsoho ne ya haura sittin. Ga shi can a ƙololuwa, amma dubi zuciyarsa, kamar ta mai shekara talatin."

Ga shi can a ƙololuwa.

Chizuru ta ɗaga kai, rana ta soke mata ido. Ta kare da hannu.

Shi ne. Wandon nan mai faɗi, tawul ɗin nan. Yana can ƙarshen hawa na sama shi kaɗai, inda aka riga aka cire shingen gefe. Gonda na ƙasa ya juya baya yana karɓar ƙarfe. Yaran da ke kusa da shi kowa ya duƙufa a kan nasa. A da, mai hawa ba ya daɗewa bai ɗago ya dubi fuskar na kusa da shi ya kira sunansa ba. Tun da agogo ya zo suka bar wa agogo, in bai yi ƙara ba to kowa lafiya.

Tetsuji ba ya motsi.

Hannu ɗaya ya riƙe ƙarfe. Ɗaya hannun yana riƙe da ƙugiyar igiyarsa. Ya ciro ta daga inda take zai mayar gaba, sai ya tsaya a haka, ƙugiya a hannu, ba a maƙale da komai ba.

Kansa ya sunkuya. Gwiwarsa ɗaya ta lanƙwashe.

Zuciyarta ta shiga dukan ƙirjinta, tana jin bugun har cikin kunnuwa.

Sai ƙara ta tashi.

Allon Ebihara ya koma ja. "Kuwahara! Na Kuwahara ne! A sauko da..." Ya tsaya. Ya kalli sama, ya kalli allo, sannan ya juyo a hankali. Ƙarar ba daga sama take zuwa ba. A gefensa take, ƙara biyu, ɗaya daga hannun hagun Chizuru, ɗaya daga ƙarƙashin rigarta ta dama.

"Morishita. Mene ne wannan a hannunki?"

Shugabar makaranta ta daina fifita.

"Da ke nake magana! Agogon wa kike ɗaure da shi?"

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta fizgo oba-oba daga kafaɗarta, ta danna layin da duk wurin aikin ke ji, daga mai gadin ƙofa har direban injin ɗaga kaya.

"Baba! Maƙala igiyar! Baba, ka ji ni? Maƙala ta!"

Guduma ta tsaya. Injin ya tsaya. Kawuna suka ɗago daga kowane hawa, ana neman wace ce mai kiran uba a layin aiki. Gonda ya saki ƙarfen da ke hannunsa ya juya sama.

"Baba?" in ji Ebihara. "Wane Baban?"

"Baba, Chizu ce! Ka amsa min! Ko na ji ɗin nan naka ne ka ce!"

Oba-oba ta yi shuuu, ba murya.

Can sama, yatsun da ke riƙe da ƙarfen suka fara buɗewa.

Tawul ɗin wuyansa ne ya fara faɗowa.